Garantin Injin Yankan Itace: Abin Da Dila Zai Gyara Maka Kyauta, Da Abin Da Zai Bar Ka Da Shi

Kwanakin baya wani ɗan uwanmu da ke aikin sare itace a yankin Ore ta jihar Ondo ya shigo Legas da injinsa a cikin buhu. Bai cika wata biyu da sayensa ba. Rabin kuɗin adashi ne ya ɗauka, rabin kuma rance ne daga wani yayansa mai sayar da goro a Agege. Yana cikin tsaga wani gungume sai inji ya shaƙe ya mutu, ya ja igiya ta ƙi jawuwa. Da ya isa shagon da ya saya, mai shago bai tsaya dogon zance ba. Ya kwance salansa, ya haska tocila ciki, ya ce ai ba a gauraya wa fetur mai ba, saboda haka babu maganar garanti. Shi kuma ya rantse ya gauraya. Aka ce a kawo rasit. Da aka duba, abin da ke jiki kawai shi ne inji ɗaya da kuɗinsa, babu lambar inji, babu inda aka ambaci garanti ko na kwana ɗaya.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wajenmu. 'Yan uwa da yawa yanzu da wannan inji suke ci, wanda a nan kudu za ka ji ana ce masa moto-so. Akwai masu share gonaki a Ondo da Osun da Edo, akwai masu kai itace gidajen burodi, akwai 'yan gawayi a wajen Saki da Iseyin, ga kuma masu hulɗa da kasuwannin katako irin na Bodija a Ibadan da na Sapele. Inji ne mai tsada, kuma ranar da ya tsaya, abincin gida ne ya tsaya. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware yadda garantinsa yake aiki.

Shi garantin, mene ne?

Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera inji yake yi cewa idan wani abu ya lalace a cikin wani ƙayyadadden lokaci, kuma laifin daga ƙira ne ko daga kayan da aka yi amfani da su, zai gyara ko ya canja abin da ya lalace ba tare da ka biya ba. A kula da wannan sharaɗi na laifin ƙira, domin duk rigimar a kansa take. Idan aka haɗa inji da roba mai yoyo tun daga masana'anta, ko wani ƙarfe ya zo da tsaga a ciki, ko na'urar da ke ba fulogi wuta ta mutu ba dalili, wannan na kamfani ne. Idan kuwa bishiya ce ta faɗo masa, ko ya faɗa rafi, ko aka zuba masa mai marar kyau, wannan naka ne.

Sannan akwai kayan da aiki ke cinyewa, waɗanda kusan babu kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu idan sun ƙare: sarƙa, da dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, da haƙoran da ke jan ta, da fulogi, da matacin iska, da igiyar tayarwa. Waɗannan kamar taya ne a jikin mota. In ka koma wa dila da sarƙar da ta dakushe kana neman sabuwa, dariya kawai zai yi maka.

Abu na uku da mutane ke yawan kuskurewa shi ne zaton garanti yana nufin a ba ka sabon inji. A takardun yawancin kamfanoni, su ke da zaɓi tsakanin gyara da canji, kuma kusan kullum gyara suke zaɓa. Kuɗin motar da ka kawo inji, da kwanakin da ka yi ba ka aiki, ba sa ciki.

Daga kamfani zuwa hannunka

Manyan sunaye biyu da aka fi sani a wannan harka su ne Stihl na ƙasar Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, hedkwatarsa na garin Waiblingen, da kuma Husqvarna na ƙasar Suwidin, wanda tarihinsa ya faro tun 1689 a matsayin masana'antar bindiga. Tsofaffin masu tsaga katako sun san Stihl 070, katon injin nan mai ƙarfin kusan cc 106 da ya daɗe yana aiki a dazukan kudu.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke sayar maka da inji hannu da hannu. Kamfani yana da wakili mai shigo da kaya ƙasa, wakili yana da dilolin da ya amince da su, dila ne ke sayar maka. In inji ya lalace, ta wannan hanyar ƙorafi ke komawa. Dila ya duba, ya rubuta lambar inji da ranar saye da abin da ya gani, ya tura wa wakili. Idan aka amince, a ba shi kayan gyara, a biya shi ladan aikinsa. Idan aka ƙi, kuma ya riga ya gyara, asarar a wuyansa take.

Ka ga ke nan dalilin da ya sa dila ke yin taka-tsantsan, wani lokaci har ya wuce gona da iri. Ka kuma ga dalilin da ya sa wanda ba dilan kamfani ba ne ba shi da inda zai kai kukanka. Mai shagon da ya sari kaya daga kwantena ya jera, ko da injin na asali ne, babu lambarsa a littafin wakili. In ya ce maka akwai garanti, to daga aljihunsa yake nufi, kuma aljihun ɗan kasuwa ka san yadda yake buɗewa. Haka nan injin da aka sayo a wata ƙasa aka tsallako da shi, galibi garantinsa a can ya tsaya.

Mai aikin gida daban, mai sana'a daban

Ga wani wuri da ake yawan yin tuntuɓe. Kamfanoni suna raba masu saye gida biyu: wanda zai datse reshe a gidansa sau uku a shekara, da wanda zai yi ta aiki da inji daga safe har yamma don neman kuɗi. Lokacin garantinsu ba ɗaya ba ne, kuma yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, misali, an daɗe ana ba mai aikin gida shekara ɗaya ko biyu a kan irin waɗannan injuna, mai sana'a kuwa wata uku kacal.

To mu kusan dukkanmu masu sana'a ne. Saboda haka idan ka ga an rubuta shekara biyu da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kada ka ɗauka da kai ake. Tambayi dila kai tsaye: ni da zan yi aikin kuɗi da shi a nan Najeriya, wata nawa gare ni? Duk amsar da ya ba ka, ya rubuta ta a jikin rasit ya sa hannu.

Abin da ake gani in an kwance salansa

Injin yankan itace ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota ko janareta babba. Man da ake gaurayawa cikin fetur shi kaɗai ne ke shafa fistin da silinda, ga shi wasu injunan na zamani suna juyi sama da 12,000 a minti ɗaya. Da zarar man ya yi ƙaranci ko zafi ya yi yawa, fistin zai fara gogar bango, ya karce, daga nan inji ya buga. Wannan ita ce lalacewa mafi tsada, kuma ita ce aka fi yin faɗa a kanta.

Makanikin da ya san aikinsa yana karanta fistin kamar takarda. Idan karcen ya fi yawa ta ɓangaren salansa, alama ce ta zafi: ko mai ya yi kaɗan, ko iska ta fi fetur yawa a cikin inji. Idan ta ɓangaren kafireta ne fistin ya side ya yi sumul ko ya yi zane-zane, to ƙura da garin katako ne suka shiga, watau matacin iska ya huje ko ba a kula da shi. Idan kuwa ko'ina ya karce kuma ciki ya bushe ƙayau, akwai yiwuwar tsurar fetur aka zuba.

Amma ga abin da dila ba zai yi saurin faɗa maka ba. Iska tana iya yin yawa a inji ba da laifinka ba. Idan robar da ke toshe gefen ƙarfen da ke juya inji tana yoyo, ko robar da ta haɗa kafireta da silinda ta tsage, inji zai riƙa shan iska ta bayan gida, ya yi zafi, ya karce fistin daidai yadda ƙarancin mai ke yi. A sabon inji, wannan laifin ƙira ne. Ana gane shi da wani ɗan gwaji: a toshe kafofin inji, a hura masa iska da ƙaramin famfo mai agogo, sannan a zuƙe, a ga ko allura za ta tsaya ko za ta sauka. Duk dilan kamfani na gaske ya kamata ya iya wannan gwaji. Don haka in aka haska tocila kawai aka ce laifinka ne, kana da damar cewa a yi gwajin yoyon iska a gabanka, a kuma tsiyayo man da ke cikin tanki a duba.

Abubuwan da ke kashe garanti

Na farko shi ne gaurayen mai. Stihl da Husqvarna, idan da irin mansu mai kyau ne, suna cewa kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. A lissafin da za ka riƙe, mililita 100 ke nan a lita 5 ta fetur. Injunan Caina da yawa kuma 25 da 1 suke nema, watau mililita 200 a lita 5. Duba littafin injinka, ka nemi ma'auni, ka daina awo da ido ko da murfin gora. Kuma man da aka yi don irin wannan inji ake nufi, wanda ake rubuta 2T a jikinsa. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da kyau a ciki, yana tara gawayi ya liƙe ringi.

Na biyu shi ne fetur ɗin kansa. A daji sau da yawa sai na 'yan bumburutu ake samu, wani da ruwa, wani an sirka shi da kananzir. Haka kuma gaurayen da ya kwana fiye da wata ɗaya a jarka ya fara lalacewa. In aka samu irin wannan a tankinka, magana ta ƙare.

Na uku, man sarƙa. Mun san abin da ake yi: a je wurin masu juyen mai a karɓo tsohon baƙin mai a zuba. Yana da araha, amma cike yake da garin ƙarfe da ke cinye famfon mai da sarƙa, kuma kamfanoni sun hana shi ƙarara a littattafansu. Dila na buɗe murfi zai gan shi.

Na huɗu, taɓa kafireta. Wasu na murɗa ƙusar don inji ya ƙara kuka, a ji kamar ya ƙara ƙarfi. Abin da suka yi shi ne rage masa fetur, da man da ke tafe da shi. Daɗin kukan na 'yan kwanaki ne.

Na biyar, kai inji wurin makanikin bakin hanya ya buɗe kafin dila ya gani, ko sa masa kayan gyara na jabu. Ko da asalin laifin na kamfani ne, ka ba su ƙofar fita.

Akwai kuma sabon inji da ake azabtarwa tun ranar farko. Littafin Stihl ya ce a tankuna uku na farko kada a riƙa taka masa wuta har ƙarshe alhali ba ya yankan komai, kuma sai ya sha tanki 5 zuwa 15 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

Jabu da na hannu

Duk abin da muka faɗa a sama ya shafi inji na asali ne. Kasuwa cike take da masu kama da shi: kala ɗaya, suna ɗaya, kwali ɗaya, kuɗi kuma bai kai rabi ba. Kamfanin da aka ari sunansa ba shi da alhakin komai a kansu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya.

A nan a yi hattara da wani kuskure. Ganin an rubuta Caina a jikin inji ba shi kaɗai ke nuna jabu ba ne, domin Stihl da kansa yana da masana'anta a Qingdao ta Caina, da Virginia Beach ta Amurka, da kuma Burazil. Abin dubawa shi ne lambar inji. A injunan Stihl lamba ce mai alƙaluma 9, an buga ta a jikin inji, kuma dole ta zo ɗaya da wadda ke jikin kwali da takarda. Dilan gaske zai iya bincika ta ya tabbatar maka. In mutum ya fara kame-kame da ka tambayi lamba, ɗauki kuɗinka ka yi gaba.

Shi kuwa injin Caina mai sunan kansa, wanda bai ari rigar kowa ba, ba laifi ba ne saye in ƙarfinka ke nan. Sai dai ka sani garantinsa na mai shago ne, don haka a rubuce ya kamata ya kasance. Na hannu, wanda ake ce wa tokumbo, galibi abin da ake ba ka shi ne 'yan kwanakin gwaji. Ku yi yarjejeniyar kwana nawa a gaban shaida.

Me doka ta ce?

Ko babu takardar kamfani, dokar ƙasa ta tanadi wani abu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce duk kayan da aka sayar dole ya kasance mai inganci, marar aibi, mai iya aikin da aka saye shi dominsa. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya ya mayar da su idan suka gaza haka, shi kuma mai sayarwa ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, hukumar ta sha bayyana cewa ba ya soke wannan haƙƙi.

Amma akwai wani lungu da ya shafe mu. Ma'anar mai saye a cikin dokar ta ware wanda ya sayi kaya don ya yi amfani da su wajen samar da wasu kayan sayarwa. Ke nan mai tsaga katako don kai wa kasuwa zai iya haɗuwa da gardama a nan. Wannan ya ƙara nuna muhimmancin samun alkawari a rubuce daga bakin mai shago.

Ban da FCCPC, a Legas akwai hukumar jiha mai suna LASCOPA da ke karɓar irin wannan ƙorafi. Akwai kuma kotun ƙananan basuka da Legas ta buɗe a 2018 a kotunan majistare, wadda aka fara da iyakar naira miliyan 5, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Wasu jihohi sun bi sahu. Kafin a kai can, sau da yawa shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa suna sasanta magana cikin zama ɗaya, domin ɗan kasuwa ba ya son a ce ya cuci al'umma guda. Sai dai su ma abin da za su fara tambayarka shi ne: ina takarda?

Ranar saye da ranar lalacewa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka miƙa kuɗi, tabbatar rasit yana ɗauke da sunan shago da adireshi da lambar waya, da ranar saye, da sunan inji da samfurinsa, da lambar inji, da tsawon garanti ga mai sana'a. In akwai katin garanti, a cike shi a buga hatimi, in kuma ana rajistar inji a wurin kamfani, a yi ta kana tsaye. Ɗauki hoton duka da wayarka, ka tura wa wani ɗan uwa ta WhatsApp, saboda rasit ɗin inji yana gogewa kuma damina ba ta barin takarda. In za ka iya, biya ta banki zuwa asusun shago, shi ma shaida ne. A haɗa inji a tayar da shi a gabanka. Sayi man gauraye a wurinsu, a rubuta shi a rasit ɗin, don gobe kada a ce ba ka san shi ba. Wanda karatun boko ko Turanci ke ba shi wahala ya tafi da wanda zai karanta masa, babu kunya a ciki. Sannan ka tambaya: in ya lalace, a nan ake gyara ko sai an tura wani gari, kuma kwana nawa yake ɗauka?

Ranar da ka ji kukansa ya canja, ko yana tashi da kansa ba ka taka ba, ko zafinsa ya wuce yadda ka saba, kashe shi. Kada ka ce bari in ƙarasa wannan gungumen, domin ƙarasawar ce ke mayar da gyaran roba ya zama canjin silinda. Kada ka zubar da man da ke tanki, kada ka bari kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya. Kai shi da wuri. In za ka bar shi a shago, karɓi takarda mai lambarsa da ranar da ka kawo. In suka ƙi ɗaukar nauyi, su rubuta dalili, su kuma ba ka kayanka da suka cire. In da yaro kake ba inji ya tafi daji, to kai ka riƙa gauraya man da hannunka ka ba shi a jarka.

Shi ɗan uwanmu na Ore, da aka kai injin wurin wani makaniki daga baya aka yi gwajin iska, sai ga robar gefe tana yoyo. Gaskiya ya faɗa, ya gauraya mansa daidai. Dattawan unguwa suka shiga maganar, mai shago ya yarda ya ɗauki rabin kuɗin gyara, shi ma don kunyar manya ne, ba don akwai abin da zai kama shi ba. Ya koma aiki bayan sati uku, yana biyan yayansa da kaɗan-kaɗan. Da lambar inji da kalmar garanti suna jikin rasit ɗin nan, da ba roƙo ya je yi ba.

In kana da ɗan uwa mai shirin sayen inji a wannan rani, ka karanta masa wannan kafin ya tafi kasuwa. Allah ya tsare mana dukiya da lafiya, ya sa albarka a sana'a.